Yadda Muka Maido Wa Taragon Shanu Muryarsa

Edita ya roƙi kowace ƙungiya ta kwalejin nan ta ba da labarin aikin da ta yi a zangon da ya wuce, ni kuwa 'yan ƙungiyar kimiyya suka ɗora wa wannan kaya. Abin da zan ba da labarinsa ƙarami ne, bai fi tafin hannu tsawo ba, watau taragon jirgin ƙasa na wasa wanda ke kukan shanu. Na san waɗansu za su ce, ina ruwan mai shirin zama malami da kayan wasan yara? Ina roƙonsu su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, sa'an nan su yanke hukunci.

Da fari dai ya kamata ku sani, a ƙasashen Turai da Amurka wannan wasa na manya ne. Akwai likitoci da alƙalai da tsofaffin ma'aikatan reluwe waɗanda su kan keɓe ɗaki guda a gidajensu, su shimfiɗa ɗan layin dogo bisa tebur, su gina tasha da gada da duwatsu, su riƙa tafiyar da jirage kamar na gaske. Abin kuwa ya daɗe. Kamfanin Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, ya nuna jiragensa masu layi a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891. A Amurka Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a birnin Niyok a 1900. A Ingila kuma Frank Hornby na Libaful ya fitar da jirginsa na farko a 1920, wanda a ke wanawa kamar agogo. Da masu wannan wasa suka yi yawa, sai na Amurka suka kafa ƙungiya a 1935, ana kiranta NMRA, domin a daidaita awo, yadda taragon wannan kamfani zai hau layin wancan ba gardama.

Awon da ya fi yaɗuwa sunansa HO. A cikinsa kowane abu an rage shi sau 87, tsakanin ƙarafan dogon kuwa milimita 16 da rabi ne. Namu irin wannan ne.

Batun murya kuma, a 1935 Lionel ya sa usur a cikin taragon kwal da ke bin kan jirgi, ɗan inji ya juya fanka, iska ta busa. A 1989 kamfanin ya fito da abin da ya kira RailSounds, watau ƙarar jirgin gaske da aka ɗauka aka adana a na'ura. Amma abin da ya sauya wasan duka shi ne dabarar wani Bajamushe, Bernd Lenz, wadda ƙungiyar NMRA ta karɓa ta mai da ita ƙa'ida a farkon shekarun 1990. Sunanta DCC. Sai na ɗan bayyana ta, gama in ba a gane ta ba, ba za a gane gyaran da muka yi ba.

A tsohuwar hanya, in kana so jirgi ya yi sauri sai ka ƙara wa layi wuta, in kana so ya tsaya sai ka ɗauke. A DCC kuwa wuta tana nan bisa layi kullum, wajen bolt 14 a awon HO, tana juya fuska dama da hagu sau dubbai a cikin sakan guda. A cikin wannan juyi ne a ke ɓoye saƙo. In juyin ya yi gajere, kashi 58 cikin miliyan na sakan a kowane gefe, na'ura ta karanta 1. In ya yi tsawo, wajen kashi 100 ko fiye, ta karanta 0. Da 1 da 0 ɗin nan a ke rubuta umarni. Cikin kowane kan jirgi, da kowane tarago mai murya, akwai ɗan allon lantarki kamar farcen babban yatsa, sunansa dikoda, watau mai fassara saƙo. Kowace dikoda tana da lambarta, kamar yadda kowane ɗalibi ke da lamba a rajista. Mai riƙe da akwatin umarni, wanda mu muka laƙaba wa suna linzami, sai ya kira lamba, ya ce a busa usur. Dukan dikodojin da ke bisa layi sun ji, amma mai lambar kaɗai za ta amsa. Ita ce kuma ke riƙe da muryoyin, ta aika da su ga wata 'yar lasifika da ba ta fi kwabo faɗi ba.

To, ga yadda abin ya zo hannunmu. Malaminmu na kimiyya yana da wani aboki a Amurka, tsohon malamin makaranta, wanda da tsufa ya kama shi ya aiko masa da akwati guda na kayan wasansa. A ciki akwai layi, da linzami, da kan jirgi mai kamar na tururi, da taragai 7. Biyu daga cikinsu masu murya ne, taragon shanu da taragon sanyi, irin wanda a ke ɗaukar nama da 'ya'yan itace a ciki, mai ƙugin inji. Akwatin ya shekara biyu a ɗakin ajiya ba wanda ya sami sukunin buɗe shi. Ana nan sai hukumar kwaleji ta ce tana bukatar ɗakin, duk abin da ba ya aiki kuwa za a sayar wa 'yan gwangwan a ƙarshen zango. Malam ya tara mu ya ce, "Kuna da mako uku. In jirgin nan ya yi tafiya ya yi magana, zan sa shi cikin lissafin kayan koyarwa. In bai yi ba, ba ni da bakin roƙo."

Ni abin ya dame ni fiye da sauran, domin a zango mai zuwa ne zan fita koyarwar gwaji, an kuma ba ni darasin zagayen lantarki a aji shida. Makarantar da aka tura ni ba ta da ko batir guda. A makarantar mishan inda na yi firamare an koya mana aikin hannu, na kuwa san bambancin yaron da aka zana wa abu a allo da wanda aka damƙa wa abin a hannu.

Kafin mu taɓa kome, Malam ya ba mu doka uku, ya sa muka rubuta a bangon littafi. Ta ɗaya, a bi wuta daga tushenta, kamar mai bin rafi daga mafari, kada a yi tsalle. Ta biyu, kada a sauya abu biyu a lokaci guda, gama in cuta ta warke ba za a san maganin da ya yi aiki ba. Ta uku, a rubuta duk abin da aka yi da abin da ya biyo baya.

Dokar farko ta cece mu tun ranar farko. Da muka duba jikin taransifomar linzamin, sai muka ga an rubuta bolt 120, gama wutar gidajen Amurka ke nan. Tamu ta nan ƙasar 230 ce. Da an cusa shi a bango kai tsaye, da labarin ya ƙare a nan da hayaƙi. Muka aro taransifoma mai rage wuta daga ɗakin gwaje-gwaje, muka haɗa layi, muka kunna. Fitilar linzami ta kama.

Sa'an nan muka yi gwajin kwabo, wanda masu wasan nan suka saba yi. A kan ɗora tsabar kuɗi ta ƙarfe ta taɓa dogo biyu gaba ɗaya. In wayoyi lafiya su ke, nan take linzami zai ji wuta ta haɗu, ya yanke ta. In ya yi jinkiri, akwai inda mahaɗi ya saki. Muka bi layin da wani tsohon kwabo, gaɓa bayan gaɓa. A wuri biyu, can nesa da inda waya ta shiga, linzami bai ce kome ba. Muka matse 'yan ƙarafan da ke haɗa dogo da dogo, muka ƙara ja waya biyu zuwa wancan gefe, muka sake gwadawa, ya yanke.

Da muka tabbata layi na da wuta, sai muka ɗora kan jirgi. Kowace sabuwar dikoda da lamba 3 ta ke fitowa daga masana'anta, saboda haka muka kira 3. Shiru. Wani ɗan aji biyu ya ce lalle ta mutu. Malam ya ce, "In ka kira mutum da sunan da ba nasa ba bai amsa ba, kurma ne?" Al'adar masu wasan ce su ba dikoda lambar da aka rubuta a jikin jirgin. Muka duba, muka kira wannan lamba, sai fitilar gaba ta kama, ƙafafu suka soma juyawa. Murya dai babu. A nan ma ba ɓarna ba ce. A linzami akwai maɓallai masu lamba. A yawancin dikodojin Amurka F0 fitila ce, F1 ƙararrawa, F2 usur, F8 kuwa shi ke rufe baki da buɗe shi. Na danna F8. Sai ga hucin tururi ya cika ɗakin, har masinjan ofis ya leƙo.

Akwai wata hanya ga wanda ya rasa lamba ɗungum. Cikin dikoda akwai 'yan ma'adanai masu lamba inda a ke ajiye yadda aka tsara ta, ana ce da su CV. Na 1 shi ke riƙe da gajeriyar lamba, na 29 shi ke faɗin ko gajeriya za a bi ko doguwa. A dikodoji da yawa, in aka rubuta 8 a cikin na 8, sai kome ya koma yadda ya fito daga masana'anta, lamba ta koma 3. Amma wannan ya kan share duk gyaran da mai kayan ya yi, don haka Malam ya hana a taɓa shi sai in dabara ta ƙare.

Taragon shanu shi ya ba mu wuya. Mun sami lambarsa ba wahala, a tsaye kuma yana kuka, ko da ya ke da wata irin murya mai kaushi. Amma da jirgi ya ja shi, sai saniyar ta soma kuka ta katse, ta sake somawa daga farko, ta sake katsewa, kamar mai i'ina. Yini biyu muna kallonsa. Na ɗauki alli na riƙa sa alama a tebur duk inda muryar ta yanke. Bayan zagaye 10 sai alamomin suka taru a wuri uku, biyu a kwana, ɗaya a mararraba inda layi ya rabu biyu. Ruwa ba ya tsami banza.

Dalilin kuwa shi ne wannan. Dikoda ƙaramar kwamfuta ce. In wuta ta ɗauke mata ko da na ƙiftawar ido ne, sai ta manta inda ta ke, ta faro daga tushe. Kan jirgi ba ya nuna wannan lahani sosai, domin yana da nauyi, ƙafafunsa da yawa suna shan wuta, injinsa kuma yana da wani dunƙulen ƙarfe mai ci gaba da juyawa ya haye da shi wurin da ba wuta. Tarago kuwa ba nauyi, abin da ke kai masa wuta 'yan fallayen tagulla ne masu shafar ƙafafu. Ƙura kaɗan ta isa ta raba su. Ga shi kuwa lokacin hunturu ne, ko an share tebur da safe, kafin azahar ya yi fari.

Wani daga cikinmu ya kawo samfefa zai goge layin. Malam ya riƙe hannunsa, ya ce samfefa ta kan bar ƙananan tsagogi bisa dogo, datti ya sami wurin zama, gobe abin ya fi na yau muni. Muka samo farin ƙyalle da sifirit irin wanda a ke goge fata da shi kafin allura, muka bi dogon, ƙyallen ya fito da baƙaƙen layuka biyu. Ƙafafun taragon ma mun same su da wani baƙin danƙo ya zagaye su kamar taya, muka kankare shi da tsinken sakace. Ɗaya daga cikin fallayen tagullan ya lanƙwashe ba ya taɓa ƙafa sam, na miƙe shi da hantsaki. Muka gwada. Alamomin kwana biyu suka tafi, ta mararraba ta rage.

Sai muka koma kan nauyi. Ƙungiyar NMRA ta ba da shawara cewa tarago a awon HO ya yi oza 1, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawonsa. Namu inci 5 da rabi ne, daidai da tarago mai ƙafa 40 na gaske. Lissafi ya ba da oza 3 da kashi uku cikin huɗu, watau wajen giram 106. Da muka ɗora shi a ma'aunin ɗakin kimiyya, giram 70 ya yi. Muka manna noti huɗu da gam a cikinsa, ƙasa-ƙasa, daidai bisa ƙafafu, nesa da lasifika. Ya zauna daram bisa dogo, ya bar rawa. Duk da haka in ya zo mararraba a hankali sai ya yi shiru, domin a tsakiyar mararrabar, inda dogo ya gitta dogo, akwai guntun roba da aka sa don kada wutar dama ta haɗu da ta hagu. A wurin nan ba wuta ko kaɗan, kuma haka aka ƙera shi.

A nan ne Malam ya ce mu tafi kasuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Ran Asabar na naɗe taragon a hankici, mu biyu muka tafi. Muka gaisa, na ce, "Baba, wani ɗan aiki muka kawo, ko da ya ke ba rediyo ba ne." Ya juya shi, ya sa tabarau, ya ce, "Ɗana, duk abin da ke da lasifika ɗan'uwan rediyo ne. Faɗa mini abin da ya ke yi, kada ka faɗa mini abin da ka ke zato." Na karanta masa abin da muka rubuta a littafi. Ya ce maganin wannan randa ce, gidan da famfo ke ɗaukewa ai da randa a ke zama. Abin da ya ke nufi kafasito ne, watau ma'ajiyar lantarki, wadda ke cika sa'ad da wuta ke nan, ta ba da abin da ta tara sa'ad da ta ɗauke. Kamfanonin dikoda suna sayar da irin nasu, amma ya ce za a iya haɗawa a nan.

Ya ciro ɗaya daga cikin wata matacciyar rediyo, mai maikirofarad 1000 da bolt 25. Ya ja mana kunne a kan abu uku. Kada a haɗa ta da dogo kai tsaye, gama wutar dogo tana juya fuska, ita kuwa fuska ɗaya ta sani. Wurinta shi ne 'yan ɗigo biyu da aka tanada a jikin dikoda, inda wuta ta riga ta miƙe. Kada a juya ƙafafunta, in an juya ta kan fashe. Sa'an nan a sa mata rizisto mai om 100 da dayod guda, domin ta cika sannu-sannu amma ta zubo da sauri. In ba haka ba, duk sa'ad da aka kunna za ta zuƙi wuta da yawa gaba ɗaya, linzami ya zaci wayoyi sun haɗu, ya yanke. Muka nuna masa ɗigon a takardar da ta zo tare da taragon, ya liƙa da dalma, hannunsa ko rawa bai yi ba.

Sa'an nan ya juya ga kaushin muryar. Ya cire waya biyu na lasifika daga dikoda, ya auna da mita, ta nuna wajen om 7, ya ce lafiyayyiya ce, gama mai om 8 haka ta kan nuna. Ya taɓa ta da batir ƙarami mai bolt 1 da rabi, ta ce ƙas. Ya kawo ta kusa da taga ya nuna mini fuskarta, sai na ga wani baƙin gari kamar gashi ya miƙe tsaye. Ya ce garin ƙarfe ne. A bayan kowace lasifika akwai mayen ƙarfe, tarago kuwa yana tafe yana tsince duk ɓurɓushin da ke kan layi, su taru bisa fatar da ke kaɗawa, su riƙa zuza. Ya ɗauke su da salatif a hankali, ya shimfiɗa ɗan siririn ƙyalle a bakin ramukan da murya ke fita.

Kaushi ya tafi, amma saniyar tana kuka kamar ɗan akuya. Baba ya sa yatsa ya toshe wata tsaga a jikin ɗan akwatin da lasifikar ke zaune ciki, nan da nan murya ta yi kauri. Ya ɗaga yatsa, ta sake sirancewa. Ya ce, "Ka ga ganga? In gindinta ya fashe, ai ba ta da amo." Daga baya Malam ya ba mu bayanin a allo. Sa'ad da fatar lasifika ta tura iska gaba, a bayanta janyo iska ta ke yi. In ba abin da ya raba gaba da baya, sai iskar ta zagayo, turi da ja su kashe juna, muryoyi masu kauri su suka fi shan wannan asara. Akwatin da aka toshe ko'ina shi ke hana su haɗuwa. Gam kaɗan ya gama aikin.

Taragon sanyi kuwa bai tashi ba, ya kamata in faɗa. Lamba ta amsa, gama 'yar fitilarsa tana kamawa in an kira shi, wuta tana shiga, F8 a buɗe, amma ba murya. Da Baba ya buɗe shi sai ya tarar wani a can baya ya ƙara lasifika ta biyu, ya haɗa su kafaɗa da kafaɗa. Om 8 biyu in an haɗa su haka su kan zama om 4, takardar dikodar kuwa 8 ta ce. In da jere aka haɗa su, wannan bayan wannan, da 16 za su zama, murya ta ragu amma ba abin da zai ƙone. Om 4 ya ja wuta fiye da ƙarfin ɗan sashen da ke ƙara murya, ya ƙone, har ana ganin tabon. Baba ya ce wannan ba na gyara ba ne, sai sabuwar dikoda. Muka ciro lasifikun muka ajiye, taragon yana bin jirgi shiru. Na tambayi Baba kuɗin aikinsa, ya ce in kawo masa jirgin ya gani yana tafiya, shi ke nan.

Ran Laraba ta mako na uku Malam ya kira mai kula da kayan kwaleji. Jirgi ya yi zagaye 20, ya bi ta mararraba a hankali kamar hawainiya, saniya ba ta katse ko sau ɗaya ba. Aka rubuta akwatin a littafin kayan koyarwa.

A makarantar da na yi koyarwar gwaji ba wuta, sai muka roƙi mai shagon da ke maƙwabtaka ya ja mana waya daga janaretansa na rabin sa'a. Yara 46 ne a ajin. Bayan sun gama ihu, na sa ɗan guntun takarda a ƙarƙashin ƙafafun taragon ba su gani ba, saniya ta yi shiru. Na ce su nemo dalili, da sharaɗi guda, kowa ya faɗi abin da zai gwada kafin ya taɓa. Wani ya ce ta gaji, wani ya ce yunwa ta ke ji. Wata yarinya da ke zaune a baya, wadda tun da na zo ban ji muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kan jirgin yana huci, ashe akwai wuta a layi. Sai a duba tsakanin layi da saniyar." Ita ta zaro takardar. A ranar ba wanda ya bukaci in maimaita masa cewa lantarki sai hanyarsa ta zagayo ba yankewa.

Har lissafi da tarihi mun ci a jikinsa. Jirgin tururi mai silinda biyu yana huci sau 4 a kowane juyi na ƙafarsa, yara suka sa alli a ƙafa suka ƙirga. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a sa'a, in an rage shi sau 87, zai ci wajen santimita 19 a sakan, muka auna da rula da agogo. Na gaya musu layin dogo ya isa Kano a 1911, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, watau milimita 1067, ta kansa kuma aka daɗe ana kai shanu da gyaɗa Ikko. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1435 ne. Na sa su raba 1435 da 87, suka sami 16 da rabi, sa'an nan suka ɗora rula bisa ɗan layinmu suka ga haka ɗin ne.

Yanzu ga abin da zan bar wa waɗanda za su fita koyarwa bayanmu. A kusan kowace makaranta za ku tarar da wani kabad da aka cika da kayan da aka ce sun mutu, rediyo ne, ma'auni ne, agogon bango ne. Cikin cututtuka 8 da muka samu a akwatin nan, ɗaya kaɗai ce ƙonewa ta gaske. Sauran mahaɗi ne da ya saki, da lamba, da maɓalli, da ƙura, da rashin nauyi, da gurbin da ba wuta, da lasifika mai datti da tsaga. Saboda haka ku karanta abin da aka rubuta a jikin kaya kafin ku ba shi wuta. Ku bi hanya daga tushe, ku sauya abu ɗaya ɗaya, ku rubuta. In kun kai inda saninku ya tsaya, ku nemi masu sana'a na garin, ku je musu da ladabi, gama abin da ke hannunsu ba ya cikin littattafanmu.

Ƙungiyar kimiyya tana taruwa kowace Alhamis da ƙarfe 4 na yamma. Zango mai zuwa za mu buɗe tsohuwar lasifikar zauren taro, wadda ta shekara uku tana gunaguni. Duk mai sukudireba ƙarami ya zo da shi.